Hoton Bakin Teku

Nuzla, Jidda

Inna,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya ƙafar nan taki? A gaishe min da Kawu Muntaka. Ni lafiya lau nake, alhamdu lillahi.

Na ji hoton da na turo ya zaga unguwa, har 'yarki Hikima, ƙanwata, ta ce ita ma Jidda za ta taho aikatau. Inna, ba Jidda ba ce. Wani tsibiri ne inda matar kafilina, wato ubangidana, ta je hutu, ta tafi da ni rainon 'ya'yanta. Otal ɗin a kan ruwa aka gina shi, kana ganin kifi ta ƙarƙashin ƙafarka. Kwana tara ban taɓa ruwan nan ba, sai ranar da takalmin ɗanta ya faɗa. Mayafin ma nata ne. Ta ara min na hoto, ta ce "yalla", wato in yi sauri, ta karɓe abinta.

Murmushin ne kawai nawa. Dominki na yi shi, don hankalinki ya kwanta. Ban san ƙanwata zai janyo ba.

Don Allah a karanta mata wannan, a bar ta ta gama makaranta. Hoton kuma a goge shi.

'Yarki,
Mansura