Wuyan Riga Ya Karkace

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya mai gidan? Mu nan lafiya lau, sai Gwaggo da idonta ke ta ƙara dushewa. Likita ya ce abin da ya rage mata na gani ba mai daɗewa ba ne.

Auta, wallahi kin ba ni haushi. Gwaggo ta sa na buɗe mata hoton rigar da kika ɗinka kika saka a waya, ta kai shi har bakin hancinta, ta aiko maki da saƙon murya cewa wuyan ya karkace. Sai kawai kika toshe lambarta, kika rubuta wa duniya wai "hetas" sai dai su mutu. Haba Auta! Da ta matsa mini da tambaya na karanta mata, ta ce mene ne kuma hetas. Ban ɓoye mata ba. Na ce yaran yanzu haka suke kiran 'yan baƙin ciki, masu kushe abin mutum don hassada ta hana su sakat. Sai kawai ta tambaye ni ko dai kin gyara wuyan.

Kin manta ɗakin ɗinkinta ne? Tsohon keken nan mai ƙara, warin man keke, ƙyallaye har ƙarƙashin gado. Duk abin da muka ɗinka ba ta kallon fuskarsa, sai ta juya shi ta bi bayan ɗinkin da yatsa, ta ɗauko reza. Siket ɗinki na farko ta farke shi har kika yi kuka da majina, kika rantse kin bar ɗinki. Da yamma kuma ita ta goya ki a baya zuwa sayen zare, duk girmanki.

In hetas kike nema, tuna matar mai shagon kusa da mu. Ita ce mai cewa kai, wannan yarinya akwai hannu, muna juya baya ta tara mata suna dariyar kalmasarki. Ba ta taɓa nuna maki inda kika kuskure ba, don ba ta so ki gyara.

Ki aiko da wani abu da kika ɗinka tun tana iya gani. Ina kewarki ƙwarai, mai taurin kai kawai.

Taki har kullum,
Yaya


Auta 'yar gidan Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida mai gidan. Allah Ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Riga ta iso, amma idon ya riga ya tafi. Yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Na so na kwatanta mata launin, ta ce in rufe mata baki, ba launi aka aiko ta duba ba. Ta zauna a bakin gado ta juya rigar kamar yadda ta saba, ta bi wuyan da yatsa, ta bi kalmasa, ta koma wuyan. Ni dai ina tsaye sai hawaye, ina kallon hannun nan da ya koya mana riƙe allura.

Da ta gama sai ta ce in faɗa maki hannun rigar na hagu ya fi na dama tsawo. Na ɗauko tef na auna, na sake aunawa. Auta, daidai suke cif. Na gaya mata, ta ce ita ma ta sani, ai ba ta samu komai ba, amma in ta ce ya yi kyau godiya kawai za ki turo a rubuce. In ta ce da kuskure kuwa, dole ki kira ki yi mata gardama, ta ji muryarki.

Rigar tana jikinta yanzu, ta ƙi cirewa. Wayar kuma tana kan cinyarta tun safe, ta hana ni kai ta caji. Ki buɗe lambar.

Yayarki mai ƙaunarki