Ku Mayar wa Mijina Tabarmarsa a Zauren Ɗinki

Zuwa ga Shugaban Maɗinka Manyan Riguna na unguwarmu, Birnin Zariya.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da dattawan zaure gaisuwar 'ya ga iyayenta. Ni ce matar mai aikin zare da ke zama bakin taga, wanda kuka naɗe wa tabarma kuka ce ya zauna gida sai ya koyi ladabi. Tun da a bainar jama'a aka kore shi, a bainar jama'a zan amsa.

Na farko. Bayan ƙaramar Sallar bara jininsa ya hau, ɓarinsa na hagu ya shanye. Kun zo dubiya, mun gode. Ƙafa ta dawo, hannu ya riƙe allura, sai kowa ya ce ya warke. Amma likita ya gaya mana ciwon ya taɓa wurin da mutum ke gane abin da ke ran ɗan'uwansa. Yana jin magana, ba ya gane nufin da ke bayanta.

Na biyu, laifin da kuka kama shi da shi. Wani Alhaji ya kawo ɗinki, ya buɗe kwanon abincinsa ya ce bismillah. Kowa ya ce alhamdulillahi, mijina kuwa ya wanke hannu ya ci har ya ƙoshi. Kun yi ta harararsa, kuna gyaran murya. Bai gani ba, ranka ya daɗe. An ce ya ci, ya ci. Mutumin da a da ko ruwa ba ya sha a gaban surukansa, yau shi ake kira mara kunya.

Na uku. Ni ma'abociyar littattafan soyayya ce, inda miji kan dubi idon matarsa ya san damuwarta. Nawa haka yake a da. Yanzu ina hawaye a gabansa zai tambaye ni ko albasa na yanka. Na yi fushi, na juya baya, na ƙi magana, duk bai lura ba. Ranar da na buɗe baki na ce, “Malam, raina a ɓace yake, zauna kusa da ni,” ya ajiye zarensa ya zauna har aka kira la'asar.

Ba sadaka nake roƙo ba, ba kuma zan ba da haƙuri a kan ciwo ba. Ku duba riga mai aska takwas da ya gama a makon jiya, ku nuna min inda allurarsa ta kauce. Ku mayar masa da wurinsa. In ya yi kuskure, ku gaya masa da baki, ku bar harara. In ba ku so ya ci, kada ku ce masa bismillah.

Ranar Asabar zan ba shi tabarmarsa, in ce masa ana jiransa a zaure. Zai yarda, domin yanzu duk abin da aka faɗa masa gaskiya yake ɗaukarsa. Ya rage naku ku mai da ni maƙaryaciya.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya tsare ka da irin wannan ciwo.

Wassalam.
Rukayya, Ƙofar Doka.