Yaron Nan Ba Zai Shiga Motar Dosso Ba

Zuwa ga ƙanena Munkaila, a Dogon Dutsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai taka ƙofar gida ba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Balki da yara gaba ɗaya. Allah Ya ƙara wa Inna nisan kwana, Ya sassauta mata ciwon gwiwar nan. Na ji an kai gero rumbu a Matankari, an ce wake ne bai yi ba bana. Allah Ya sa albarka a abin da aka samu. Na kuma ji ka faɗaɗa shago, Allah Ya kawo kasuwa. Ni ina nan kudancin Faransa yadda ka sani. Sanyi ya shigo, bayana yana tuna mini shekaruna kowace safiya, ina gyaran filin wasa, ina ja farin layi a kan ciyawa, ina wanke rigunan ƴaƴan mutane. Alhamdu lillahi, ba a kwance nake ba.

Za ka yi mamakin ganin rubutu alhali ga salula a aljihun kowa. Na kira ka ne har na gaji. Muna hirar kasuwa lafiya lau, amma da zarar na ambaci Rashid sai ka ce mai saye ya shigo, ko ka ce layi ba kyau. Na san ba layi ba ne. Ɗanka ne na fari, ba ka faɗin sunansa, ba ka son a yi zancensa a gabanka. Haka aka raine mu. Ni ma ɗan fari ne, kuma Baba ya koma ga Allah bai taɓa kirana Sadiƙu ba, sai dai kai, ko wancan. Ban riƙe shi da wannan ba. To takarda ba ta yankewa. Ka karanta ta kai kaɗai inda ba mai ganin fuskarka, amma ka karanta har ƙarshe, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙanwarmu Asiya ce ta turo mini bidiyon wasan da suka yi a filin bayan kwaleji, wasan zari-rugar nan da malaminsu na motsa jiki, wanda suke kira Mushe Kabiru da Faransanci, ya kawo garinmu. Don in yi murna ta turo, wai ga ɗana yana buga wasan da nake yi wa hidima. Na kalla sau ɗaya na ajiye salular, na kasa cin abinci. Rashid ya duƙa zai kama wani ƙaton yaro, gwiwar yaron ta same shi a gefen kai. Ya faɗi, hannunsa ɗaya ya sandare sama kamar mai kiran wani. Da ya tashi sai ya ruga wajen da ba nasu ba, yana tangaɗi, jama'a suka fashe da dariya. Mushe ya zuba masa ruwan leda a ka, ya buga masa baya, ya tura shi cikin fili. Kuma a gefen hoton na gan ka, Munkaila, da farar hularka. Lokacin da yaron yake ƙasa ka juya fuska, ka kama magana da wanda ke kusa da kai. Na san abin da ke cikin ƙirjinka a lokacin, na san da ɗan wani ne da kai za ka fara isa wurinsa. Kunya ta riƙe ka. Amma kan yaro bai san kunya ba.

Na matsa wa Asiya da tambaya, ta faɗa mini sauran. Ta ce tun ranar yana amai jefi-jefi, hasken rana yana damunsa, yana kwanciya da tsakar rana ya rufe kai da zane. Ta ce surorin da ya haddace suna kuɓuce masa, kuma ya daka wa uwarsa tsawa a kan abin da bai kai ba, shi da ba a jin muryarsa a gida. Ta ce Inna ta zo daga Matankari ta ce filin nan ba wurin wasa ba ne, akwai masu shi, iska ce ta shafe shi, ta kawo turare da sassaƙe. Kai kuma ka ce ba za a yi shirka a gidanka ba, ka zubar da kayan, ka kawo malami ya yi ruƙiya. Yanzu Inna ta koma da fushi, ba ku magana. Wato ku biyu kun samu ƙarfin yin faɗa a kan wane ne ya san gaibu, amma ba a samu mutum ɗaya da ya ɗora yaron a babur ya kai shi likita ba. Ban raina addu'a ba, ni ma ina yi masa. Ban kuma raina Inna ba, da abin da ta sani ta zo, kuma ita aƙalla ta taɓa goshinsa. Sai dai abin da ya shafe shi gwiwa ce, kowa ya gani, har an yi dariya.

Ba lokotoro ba ne ni, ban karanci aikin likita ba, mai shara ne. Amma bari in gaya maka abin da idona ya gani. A kulob ɗin da nake aiki akwai wani yaro Yasin, ɗan wani Balaraben Maroko mai gyaran famfo, sa'an Rashid ne a lokacin. Ya bugu a ka, ya ɓoye ciwon don kada a ajiye shi a babban wasa. Kafin na farkon ya warke ya sake buguwa, bugun da bai kai na farko ba ma. Yau ubansa ne ke turo shi a keken guragu, ya ajiye shi a bakin fili yana kallon ƴan'uwansa, yana share masa yawu da hankici. Mutumin yana gaishe ni da sallama, ni kuma ban san inda zan sa idona ba. Tun daga nan dokar kulob ɗin ta tsananta. Yaron da ya bugu a ka ya fita ke nan, ko zai yi kukan jini, ko ubansa ne shugaban gari, kuma ba ya komawa sai lokotoro ya yarda. Har wata mata suka ajiye, aikinta ta saurari yara a kan abin da suke tsoron faɗa wa mai horar da su. Ka san ba yabon mutanen nan nake ba. Shekaru nawa ina wanke musu laka, wasunsu ba su san sunana ba, tsofaffinsu kuma suna mutuwa a ɗakuna su kaɗai. Amma a wannan sun fi mu gaskiya, kuma da hawaye suka saye ta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na kira Mushe Kabiru. Kada ka ɗauka zan ce mugu ne, ba mugu ba ne. Yaran da za su zauna a bakin tasha suna shan ƙwaya ya tara ya ba su abin yi, ba a biyansa, da hannunsa yake tsince duwatsu a filin. Ni na aika masa tsofaffin riguna da ƙwallaye daga nan, kuma zan ci gaba da aikawa, don sauran yaran ba su yi laifi ba. Ya saurare ni da ladabi, yana ta ce mini Baba. Ya ce yaron ya warware, yana gudu kamar da. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za su tafi gasa Dosso, manya za su zo daga Yamai su zaɓi yara, kuma Rashid shi ne idon ekip ɗin, wato ƙungiyar tasu, in babu shi gara su zauna gida. Na ba shi labarin Yasin, sai ya ce yaran Turai ba su da ƙwarin namu. Daga ƙarshe ya faɗi maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Ya ce ai uban yaron yana tsaye a wurin, ya ga kome, bai ce uffan ba, to shi wane ne da zai fi uba tausayi. Ka ji, Munkaila. Shirun da ka yi na kunya, shi izini ya ɗauke shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai na yi amfani da abin da al'ada ta ba ni. Ni ne wanka, ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, maganata a kansa tana gaba da taka. Na kira Rashid na ce masa na hana, ba zai je Dosso ba. Da farko ya rantse mini lafiyarsa lau. Na tambaye shi wa suka buga da su ranar da ya faɗi, ya kasa tunawa. Da ya ga ba zan janye ba sai ya juye Faransanci, ya ce ni ban taɓa riƙe ƙwallo a fili ba, share wa masu wasa wuri kawai nake, kuma mutumin da bai san tsawonsa ba yanzu ba shi da ikon tsayar da shi. Ya kashe salular. Tun ranar ba ya ɗauka. Maganar ta yi mini ciwo, don babu ƙarya a cikinta. Na bar shi yana rarrafe, yau in na gamu da shi a kasuwa sai an nuna mini. Hanin wanda ke bayan teku iska ce kawai a cikin salula. Ban yi fushi da shi ba, kuma kada ka tsawata masa a kan wannan, ba shi ke magana ba duka, da ciwon kan a ciki.

Kai ka zubar da al'adu da yawa tun da ka kama karatu. Ka hana kiɗa a sunan ƴaƴanka, ka hana sadakar bakwai ta Baba, muka yi ta rigima, na haƙura na bar ka don ka fi ni ilimi. To ka fi ni sanin cewa addini bai hana uba ya duƙa ya ɗauki ɗansa daga ƙasa ba. Duk cikin abin da ka zubar, wannan ɗaya ce ka zaɓa ka riƙe, ita ce kuma mai iya cin rai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abu biyu nake roƙo. Gobe a kai shi likita a faɗa wa lokotoro kome, aman da mantuwar da hasken, ba a rage ba. In ba za ka iya zama kusa da shi ba, Asiya ta shiga da shi, kai ka tsaya a ƙofa. In an ce sai Yamai don hoton kai, a tafi, wuyana ne. Na biyu kuwa ba mai yi maka shi. Ka je wurin Mushe da ƙafarka, ka faɗa masa da bakinka. Ba sai ka kira suna ba. Ka ce yaron nan ba zai shiga mota ba. In kana so ka ce wanka ne ya hana, ka ɗora mini, ya tsane ni har ya yi furfura, in dai da ƙafafunsa zai zo ya faɗa mini. Amma ka sani zai iya sulalewa daga masallaci ya nufi tasha, kuma ni daga nan ba ni iya tare mota. Kai ne ke da ƙafa a garin.

Ka gaishe mini da Balki, ka ce mata ta yi haƙuri da tsawar, ba halinsa ba ne. Ka gaishe da Asiya da maigidanta, da Mardiyya da ƙaramar Sumayya, da Buba makiyayin da ke riƙe mana tumaki. Inna kuwa ba saƙo zan ba ka ba, ka je Matankari ka durƙusa, tsohuwa ce, kuma jikanta ta zo ceto. Ka gaishe da Mushe Kabiru, ba ni da wata ƙullalliya da shi. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya tsare sauran ƴaƴan mutane da ke cikin filin nan. Ranar Juma'a ba zan kira ka ba, kai za ka kira ni.

Wanka da ke nesa,
Sadiƙu