Gwaibar da Ta Sha Ƙishirwa

Zuwa ga ƙanena Isufu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Mu nan Akokan lafiya lau.

Na daɗe ina jin wai gwaiba ba ta fure sai ta sha ƙishirwa. Na ce zancen marowata ne. Wadda ka ba ni shekara huɗu ganye kawai take yi, har Hajiyata ta aro gatari. Da bazara na hana bishiyar ruwa mako uku, sannan na ƙosar da ita. Sai ga fure fari fat! Yanzu da sanyi mai aron gatarin ce ke raba wa maƙwabta 'ya'yan.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a. Na ƙarshen da ya gaya mini dabarar kuwa kai ne, a tasha, na yi maka dariya.

Yayanka,
Mamman