Ɗakin Bayan da Baba Ya Gina

Pleasant Garden, 3 ga Fabrairu

Yaya Rahama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Mama. Tunda ba kya ɗaukar wayata tun bayan maganar da muka yi a watan azumi, na ga gara in rubuto.

Wataƙila kin ji ina neman kujera a kwamitin da ke sauraron ƙorafin masu gidaje kan kimar haraji da ƙaramar hukuma, wato kaunti, ta yi wa gidajensu. Kwamishinonin kauntin ne ke naɗawa. Mu biyu ke nema, ni da wani lauya, Fredrick. Shekara goma sha biyu ke nan ina aikin kimanta gidaje, kuma Alhaji Dabo ya tara mini sa hannun mutane a masallaci, Fasto Nanven ma ya yi haka a cocinsu.

Ga abin da ya sa na rubuto. A takardun hukuma, gidanmu na Glenwood ɗaki biyu ne. Ɗakin bayan da Baba ya gina ba ya ciki, domin bai nemi izinin gini ba. Tun rasuwarsa sunana na kan takardar gidan tare da naki da na Mama. Ba zan zauna ina yanke hukunci kan gidajen mutane ba alhali namu haka yake. Ina so in kai rahoto. Za a turo mai dubawa, wataƙila a ce a gyara, wataƙila a ce a rushe. Mama za ta iya zama a wurina kafin a gama.

Ki gaishe ta. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Muzammil

Glenwood, 7 ga Fabrairu

Muzammil,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu lau.

Na karanta. A ɗakin nan Mama ke kwana shekara goma sha biyar. Ƙofarsa ce ke fita da ita lambun yakuwarta da kuɓewarta. Daga nan take takawa gidan Anti Kaltouma, daga nan take hawa bas. A Pleasant Garden wa za ta gani, bayan barewa a bayan gidanka?

Kana shekara goma sha bakwai kai ka riƙa miƙa wa Baba katako. Ka yi shekara goma sha biyu kana auna gidajen mutane, ba ka tuna da ɗakin ba sai da kujera ta taso. In sunanka ne ke damunka, ka je wurin lauya ka cire shi, zan sa hannu gobe.

Ban gaya wa Mama ba, kuma kada ka gaya mata.

Rahama

Pleasant Garden, 18 ga Fabrairu

Yaya Rahama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Abin da kika faɗa game da shekarun nan gaskiya ne, ba zan musa ba.

Ranar Juma'a na je gidan kina wurin aiki. Niyyata in auna ɗakin kawai, in san girman abin da zan cire hannuna daga ciki. Na ce wa Mama kafet zan saya mata, ita ce ma ta riƙe mini bakin tef ɗin. Da na janyo gadon, sai na tarar soket ɗin da ke bayansa ya yi baƙi, bangon da ke kewaye da shi ya babbake kamar faɗin tafin hannu. A jikin soket ɗin take haɗa hitar ɗumama ɗaki. Tagar kuma ba ta buɗuwa, Baba da ƙusa ya kafe ta. Na tambaye ta ko tana jin ƙauri, ta ce wani lokaci, amma ta ɗauka daga kicin ɗin maƙwabta ne.

Na kashe wutar ɗakin daga babban akwatin wutar gidan. Shi ya sa kika dawo kika ga babu wuta. Ba lalacewa ta yi ba, don Allah kada ki mayar.

Ranar Litinin na kai rahoto ba da yardarki ba. Jiya kuma da kwamishinoni suka gana da mu, na faɗa musu da bakina. Ɗayansu ta tambaye ni dalilin da ya sa sai yanzu. Na ce mata ba ni da amsar da za ta gamsar da ita. Alhaji Dabo ya ce da na yi shiru har a gama naɗin. Mai yiwuwa yana da gaskiya.

Allah Ya ƙara wa Mama lafiya.

Muzammil

Glenwood, 6 ga Maris

Muzammil,

Salam. Mai dubawar ta zo ranar Talata, mace ce, ta yi kusan awa biyu. Ta ce ginin da ƙarfinsa, ba sai an rushe ba. Amma a sake wayoyin duka, a sa babbar taga, kuma kada kowa ya kwana a ciki sai ta dawo ta gani. Mama na ɗakina, ni ina kan kujerar falo.

Dole na gaya mata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce tun ranar ta san ba kafet kake aunawa ba, don mai sayen kafet ba ya auna bango daga ƙasa zuwa sama. Ta ce tun ana haƙa tushe ta ce wa Baba ya nemo takarda, ya ce ba ya roƙon izini a cikin gidansa. Ni ta yi wa faɗa, ba kai ba. Ta ce, "Ku biyu kuna ta wasiƙa a kan ɗakina, ni da ke kwana a ciki ba wanda ya tambaye ni."

Na je na ga bayan gadon da idona. Shekara huɗu ina share ɗakin nan, ban taɓa janyo gadon ba. Wannan kawai zan ce.

Anti Kaltouma ta ce an ba Fredrick kujerar. Ban faɗa wa Mama ba tukuna, ka zo ka faɗa mata da kanka. Har yanzu ina ganin da ba don kujerar ba, da ba ka taka ɗakin ba.

Rahama

Pleasant Garden, 9 ga Maris

Yaya Rahama,

Gaisuwa mai yawa. E, shi aka ba, kuma ya cancanta. Maganarki ta ƙarshe ma ba ni da ta cewa a kanta.

An ba da izinin gyaran. Daouda mai aikin wuta zai zo ranar Asabar da ƙarfe takwas, kuma sai an fasa bango biyu. Zan riga shi zuwa in fitar da kaya. Sai dai akwai sif ɗin kayan Baba a ɗakin, wanda ba a buɗe ba tun da aka kai shi makwanci. Ba zan taɓa shi ba sai kina nan. In kina da aiki ranar, ki sanar da ni a ɗaga.

Ki gaida Mama.

Muzammil

Glenwood, 11 ga Maris

Muzammil,

Na yi musayar ranar aiki da wata abokiyar aikina, Asabar ina gida. Na tambayi Mama, ta ce ita za ta buɗe sif ɗin, mu biyu mu tsaya mu karɓi abin da ta miƙo. Ka zo da kwalaye.

Sai ka zo.

Yayarka,
Rahama