Ɗakin Da Ba Ya Riƙe Murya

Zuwa ga Muhibba, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randata, matata kuma abar alfaharina. Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga Nassarawa GRA, daga bayan gidan Alhaji inda kika bar ni.

Yau kwana hamsin da biyu da tafiyarki Ringim zaman makokin mahaifiyarki. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, kowa ya watse, ke ba ki dawo ba. Ban tambaye ki dalili ba, don na san shi. Ko a waya na kira ki, da raɗa kike amsa gaisuwata, alhali gidanku katangar ƙasa ce mai kauri. Wayyo ni! Ashe har can na bi ki na danne miki murya?

Kin tuna ranar da na kawo ki wannan ɗakin tafi-da-gidanka, wanda a da Alhaji yake ja da mota zuwa gona, kafin tayoyinsa su sace ya ba ni, direbansa, in zauna? Kika zagaya shi kina ƙyalƙyala dariya, kika ce ke kam an kai ki ɗakin miji mai ƙafafu, Allah ya sa kada ki farka ki gan ki a Kaduna. Dariyar nan taki mai tashin tattabaru daga kan mangwaro! Washegari Baffa maigadi, wanda bencinsa ke jingine da bangonmu, ya gaishe ni da sunan da ke kaɗai kike kirana da shi, yana murmushi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bangon langa-langa ne, ko cokali ya faɗi sai an ji a waje. Daga ranar na zama ɗan sandan muryarki. Ki yi waƙa kina shara, in ce ki sassauta. Ki yi dariya, in nuna miki bango da ido. Muka koma hira kamar ɓarayi a ɗakin aurenmu, ni kuwa ina ganin hakan ne kunya da sanin ya kamata.

Sai waccan ranar Asabar da la'asar. Hajiya da baƙinta suna shan shayi a ƙarƙashin mangwaro, taku goma daga tagarmu, aka kira ki aka ce Inna ta rasu. Kika ƙwalla ƙara. Ni kuma, ni mijinki, abin da hannuna ya fara yi shi ne toshe miki baki. Ban rungume ki ba, ban yi salati ba, tunanina kawai kada a ce iyalin direba sun cika hayaniya. Hawayenki suka gangaro ta bayan hannuna, kika dube ni, kika haɗiye kukan. Wane irin namiji ne zai ji tsoron masu shan shayi fiye da karyewar zuciyar matarsa? Har yau duk sanda na zo wanke hannun nan a alwala sai na tuna.

Na rasa bakin ba ki haƙuri, sai na kama aikin hana murya fita ta bangon. Na roƙi Kande mai girki ta riƙa tara mini kwalayen ƙwai, na bi bango da su, na ɗora soson tsohuwar katifa, na rufe da kafet ɗin da aka cire daga falo. Ƙofa na liƙa mata roba ta kowane gefe. Ba zan ɓoye miki ba, ɗakin ya ƙara matsewa, ya ƙara zafi, kuma bai yi kyau ba. Bencin Baffa da kaina na ɗauke na mayar bakin get, na gaya masa dalili ido da ido, abin da ya kamata in yi tun bara. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce in gaishe ki.

Jiya bayan azahar na gwada. Na shiga na kulle, na kira sunanki da iyakar ƙarfina har sau uku. Na fito, mai ban ruwan fulawa yana nan dab da taga, ko ɗago kai bai yi ba. Aiki ya yi! Na koma ciki na zauna a bakin gado, na ga na gyara ɗakin da ba a jin kowa, kuma ba kowa a cikinsa sai ni. Nan na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

Ya hasken rayuwata, ban ce ki yafe mini yau ba. Kuma kada ki ɗauka don bangon nake cewa ki dawo, jiya na gane ba shi ne mai laifin ba. In kin ga dama mu wangale ƙofar da tagar duka, unguwar nan kaf ta ji, in Alhaji zai karɓi makullin motarsa ya karɓa. Ki dawo ki yi wa Inna kukan da na katse miki. Zan zauna a ƙasa kusa da ƙafafunki, hannuwana a bayana, har ki gama.

Naki, wanda ba shi da wata sai ke, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke shi a makara,

Ashiru