Rediyon da ke yawan lalacewa

Asabar, 4 ga Mayu
Auta ta zo hutu. Wai digiri na biyu take yi, a kan ciwon damuwa da fargaba. Na ce ashe damuwa ma sai an je jami'a? Zo ki zauna kusa da ni, kyauta zan koya miki. Ta yi dariya. Ni ban shiga aji ba, baƙaƙen nan ma ita ta koya min, amma na san likita mai allura na so ta zama. Yanzu mai aski yana kirana uban likitar mahaukata. Na ajiye masa.

Talata, 7 ga Mayu
Ta tambayi Baffanta. Na ce ba ni da ƙane. Na kwanta ciwon ƙafa bai leƙo ni ba, ya rufe shagonsa na gyaran rediyo, in an kira ba ya ɗauka. Yaron da na goya! Raini ne kawai. Ta sa takalmi ta tafi gidansa, ko neman izini babu.

Laraba, 8 ga Mayu
Jiya ta dawo ido jawur. "Baba, Baffa ba fushi yake da kai ba. Ko wanka sai matarsa ta yi ta roƙo." Ya rame, labule a sake, yana kwance yana kallon bango. Wai ya ce mata shi kaya ne a kan kowa, gara a ce ba ya nan.
Na ce lalaci ne.
Na ture kwanon abinci ban ci ba.

Litinin, 13 ga Mayu
Ta kai shi asibiti wurin malamarta. Na ce ke ba abin da kike karantawa ke nan ba? "Ni ɗaliba ce tukuna, Baba. Kuma mutum ba ya duba nasa." An ba shi magani, za a riƙa zama da shi ana magana duk mako. Sun ce ana warkewa. Na sa ta maimaita min. Ana warkewa. Alhamdu lillahi.
Ta ce in je in zauna da shi, amma ban da faɗa, ban da "kai fa namiji ne". To me ya rage a faɗa? Kuma ni ne babba. Shi ya kamata ya zo.

Alhamis, 16 ga Mayu
Na buɗe bayan rediyona na cire wata 'yar jar waya. Kai gyara ai ba zuwa gaisuwa ba ne. Na ajiye masa a bakin gado: "Ga shi, in hannunka bai manta ba." Bai taɓa ba. Na zauna, bakina yana ƙaiƙayi, na danne. Da zan tafi ya ce, "Yaya, ƙafar fa?" Na ce da sauƙi. Na fito da sauri, wani abu ya faɗa min a ido.

Alhamis, 30 ga Mayu
Ya gyara! Matarsa ta ce da kansa ya nemi sukudireba, har ya ɗaga labule don ya ga aikin.

Litinin, 10 ga Yuni
Auta ta koma makaranta. Jiya Baffanta ya kuma wuni a kwance. Na kira ta, ta ce haka abin yake, yana sauƙi yana dawowa, a ci gaba da magani, kada in tsorata. Wa ya ce na tsorata?
Rediyo ya sake lalacewa.

Juma'a, 28 ga Yuni
Da safe mai aski ya fara, "Uban likitar..." Na ce, "Ƙarasa in ka isa. Ƙwararriya ake cewa." Sai ga shi har saje ya gyara min ban roƙa ba.
Bayan azahar na ji sallama. Ƙanena ne, da ƙafarsa, riga wankakkiya, rediyo a hammata. Ya zauna kan bencina kamar jiya ya tashi daga wurin. Ya ce zai buɗe shago, rabin wuni tukuna. Sannan ya miƙo min rediyon.
"Yaya, in za ka sake cirewa, ka canza waya. Jar nan ta gaji."
Na ce ban san zancen da yake yi ba. Ya yi dariya, irin tasa ta da, mai ƙarewa da tari. Na manta rabon da in ji ta.
Har yanzu ban ce karatun Auta ya yi min ba. Tambayarta kawai na yi ko akwai digiri na uku.
Gobe zan leƙa shagon. Ba da rediyo ba. Ƙafar ce ke son motsi.